Yadda ɗan Filifin zai zama ɗan Birtaniya ba tare da ya saki ƙasarsa ta haihuwa ba

Rantsuwa biyu ce a cikin wannan aiki. Ta farko a zauren ƙaramar hukumar garin da kake zaune a Birtaniya, ta biyu a gaban jami'in ofishin jakadancin Filifin. Yawancin waɗanda na ga sun shiga ruɗani, ta farkon suka yi suka ɗauka magana ta ƙare.

Birtaniya ba ruwanta da yawan ƙasashen da kake riƙe da su, ba za ta ce ka ajiye fasfon kowa ba. Daga Manila maganar take. Tun 1936 akwai doka mai suna Commonwealth Act 63, wadda ta ce ɗan Filifin da ya nemi zama ɗan wata ƙasa aka ba shi, ya fita daga sahun 'yan ƙasa. A watan Agustan 2003 shugaba Gloria Macapagal Arroyo ta sa hannu a dokar RA 9225, ta buɗe ƙofar riƙe ƙasa biyu, amma da sharaɗi: sai mutum ya je da ƙafarsa ya yi wa Jamhuriyar Filifin rantsuwar biyayya. Kafin ya yi ta, baƙo hukumomin can suke ɗaukarsa. A nan mutanenmu suke ba abokansu gurguwar shawara da kyakkyawar niyya, domin haifaffen Najeriya ba ya rasa komai idan ya karɓi fasfon Birtaniya, sashe na 28 na tsarin mulkin 1999 ya kare shi. Ɗan Filifin ba haka lamarinsa yake ba.

Na sha zama da ma'aikatan jinya da masu kula da tsofaffi 'yan Filifin muna tattara waɗannan takardu, wasunsu abokan aiki, wasu kuma matan 'yan'uwanmu. Zan riƙa cewa "kai", ko kai ne mai neman, ko mai taya matarsa ko abokiyar aikinsa.

Abin da za ka tanada

Ka nemi jakar takardu biyu, kada ka gwamutsa su. A jakar Birtaniya ka sa:

- Fasfonka na yanzu da duk tsofaffin da suka shafi shekarun da za a duba.
- Shaidar izinin zama na dindindin, wanda kowa ke kira ILR. Yanzu a intanet take, a asusunka na eVisa, wato bizar intanet, don haka ka tabbata kana iya shiga asusun.
- Lambar shaidar cin jarrabawar Life in the UK, wadda ke gwada sanin rayuwa a Birtaniya.
- Shaidar iya Turanci.
- Takardun P60 na kowace shekara, masu nuna albashinka da harajin da aka cire, ko wasiƙa daga wurin aiki mai nuna ranar da ka fara da cewa kana nan har yanzu. Mai sana'ar kansa ya tanadi takardun harajinsa na hukumar haraji ta HMRC.
- Idan ta hanyar aure za ka nema, takardar aure da fasfon Birtaniya na mijin ko matar.
- Mutum biyu da za su tsaya maka, da ƙananan hotunanka irin na fasfo.
- Kuɗi. A Afrilun 2025 kuɗin nema ya koma fam 1,605, ga fam 130 na bikin rantsuwa, jimilla fam 1,735. Yana yawan tashi, ka duba shafin gov.uk ranar da za ka biya.

A jakar Filifin kuwa:

- Takardar haihuwa daga hukumar ƙididdiga ta ƙasar, wato PSA, a kan takardarsu mai alamar tsaro. Tsofaffi har yanzu NSO suke ce mata, sunanta na da.
- Takardar aure daga PSA. In a waje aka ɗaura auren, sai takardar rahoton aure da aka shigar ta ofishin jakadanci.
- Takardun haihuwar 'ya'yan da ba su kai shekara 18 ba.
- Kwafin shafin hoto na fasfon Filifin, domin asalin zai bar hannunka na ɗan lokaci a tsakiyar aikin.

1. Ka san hanyar da kake kai

Dokar zama ɗan ƙasa ta Birtaniya ta 1981 ta ba baligi hanya biyu. Wanda ba ya auren ɗan Birtaniya, ana duba shekara biyar ɗinsa na baya, kuma sai ILR ɗinsa ya cika wata 12 a hannu kafin ya nema. Ma'aikaciyar jinya da ta zo da bizar aiki, lissafinta yakan kama shekara shida ke nan: biyar kafin ILR, ɗaya bayansa. Wanda yake auren ɗan Birtaniya kuwa, shekara uku ake dubawa, kuma ranar da ILR ya fito yana iya nema, babu jiran wata 12.

Kada "shekara uku" ta ruɗe ka. Ba ta nufin bayan shekara uku da aure za a ba ka. Dole ILR ya zo tukuna, shi kuwa a bizar aure shekara biyar yake ɗauka. A watan Mayun 2025 gwamnati ta fitar da takardar manufa mai neman tsawaita hanyar ILR zuwa shekara goma ga mutane da yawa. Shawarata ga wanda ya riga ya cika sharuɗɗa: kada ya ja ƙafa. Dama ILR yana mutuwa idan mutum ya yi shekara biyu a jere a wajen ƙasar, kuma mutane da yawa jinyar iyaye a gida ce take cinye musu shi. Zama ɗan ƙasa ba ya mutuwa don ka daɗe a waje.

2. Ka fara gyara sunanka tun daga takardun Filifin

Wannan mataki mutane sukan bar shi sai ƙarshe, ni kuwa a gaba nake sa shi, domin shi ne mafi jinkiri. Ka shimfiɗa takardar haihuwa ta PSA, fasfo, takardar aure da bayanan eVisa a kan tebur ɗaya, ka bi sunan harafi bayan harafi.

A Filifin sunan tsakiya sunan dangin uwa ne. Mace kuma idan ta ɗauki sunan miji, sunan mahaifinta yakan koma tsakiya, na dangin uwar ya fita. Takardun Birtaniya ba su da gurbin wannan tsari, sai ka tarar wuri ɗaya an haɗa sunan tsakiya da sunan yanka, wani wuri an jefar da shi. Ga kuma "Ma." da ake rubutawa a madadin Maria: takardar haihuwa ta ce "Ma. Cristina", takardar makaranta ta ce "Maria Cristina", jami'i kuwa mutum biyu yake gani. Haka harafin ñ a sunaye irin Peña, wata na'urar tana mayar da shi n.

Idan kuskuren rubutu ne a takardar haihuwa, dokar RA 9048 ta 2001 ta ba da damar gyara shi ba tare da zuwa kotu ba, ta ofishin rajistar garin da aka haife ka ko ta ofishin jakadanci. Dokar RA 10172 ta 2012 ta ƙara da gyaran rana da watan haihuwa. Idan takardar ta ɓace, ana yin odarta a intanet ta PSA Serbilis, ko ka ba ɗan'uwa a gida takardar wakilci ya karɓo maka. Wanda aka yi wa rajistar haihuwa a makare ya haɗa da takardun makaranta ko ta baftisma, domin sukan nemi ƙarin hujja.

Akwai wata ƙaya da ta fi waɗannan tsini. Filifin ba ta da dokar saki ga jama'arta, in ban da Musulmi, waɗanda dokar PD 1083 ta 1977 ta tsara aurensu da sakinsu. Matar da kotun Birtaniya ta raba aurenta, ta sake wani auren, a rajistar PSA tana nan matar mijin farko har sai wata kotun Filifin ta amince da sakin. Wannan ba ya hana ta zama 'yar Birtaniya, amma yana shafar sunan da za a buga mata a sabon fasfon Filifin. Mai irin wannan hali ta nemi lauya a can tun yanzu.

3. Lissafin kwanakin da ka yi a waje

A hanyar shekara biyar, kada kwanakinka a wajen Birtaniya su wuce 450. A hanyar shekara uku, 270. A duka biyun, kada su wuce 90 a wata 12 na ƙarshe. Ranar da ka tashi da ranar da ka dawo ba a lissafa su, cikakkun kwanakin tsakiya kawai ake ƙirgawa.

Ka ɗauki takarda ka ja layi huɗu: ranar fita, ranar dawowa, ƙasa, dalili. Birtaniya ba ta buga hatimin fita, don haka hatiman filin jirgin Manila ko Cebu ko Clark su ne madogararka. Inda hatimi ya dushe, ka koma imel ka nemo tikitin jirgi, ko jadawalin aikinka na asibiti, ko bayanan banki da za su nuna ranar da ka sayi abu a garinku. In duk babu, kana da haƙƙin neman ma'aikatar cikin gida ta ba ka bayanan da take riƙe da su a kanka, kyauta, sai dai ka ba su kamar wata guda. Wanda ya ɗan zarce kaɗan, misali bai wuce kwana 480 ba a shekara biyar, yawanci ana ɗauke masa kai. Wanda ya zarce sosai, jira ya fi masa alheri: ya bari tsohuwar doguwar tafiyar ta fita daga cikin shekarun da ake dubawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai sharaɗin da ya fi kowanne kayar da 'yan Filifin. Dole ya kasance kana cikin Birtaniya a ranar farko ta shekarun da ake dubawa. Idan takardarka ta shiga ranar 10 ga Janairun 2026, sai ya zama ranar 11 ga Janairun 2021 ƙafarka tana ƙasar. Mutanen nan kuwa Kirsimeti a gida suke son yi, su tafi a Disamba su dawo tsakiyar Janairu, sannan bayan shekara biyar su cike fom a hutun sabuwar shekara, lokacin da suka samu sarari. Ka buɗe jadawalin tafiye-tafiyenka, ka zaɓi ranar aikawa da ta faɗa tsakiyar watannin da ka tabbata kana bakin aiki shekara biyar baya, ko uku ga mai aure.

4. Jarrabawa biyu

Life in the UK tambaya 24 ce cikin minti 45, ana son ka ci 18. Kuɗinta fam 50, kuma a shafin gov.uk kaɗai ake yin rajista, aƙalla kwana uku kafin ranar. Sunan da ka rubuta wajen rajista ya dace da na katin shaidar da za ka je da shi daidai wa daida, har sunan tsakiya, in ba haka ba a mayar da kai daga bakin ƙofa, kuɗin kuma ya tafi. Idan ka ci ta lokacin neman ILR, ba ka sakewa. Wanda ya kai shekara 65 an ɗauke masa ita da ta Turanci duka.

Turancin da ake nema matakin B1 ne, wato matsakaici, magana da saurare. Abin yana ba 'yan Filifin haushi, da gaskiyarsu, tunda da Turanci suka yi karatu, amma ƙasarsu ba ta cikin jerin waɗanda aka yafe wa. Hanya biyu ce. Ko ka zauna jarrabawar Turanci ta SELT a cibiyar da aka amince da ita, irin ta Trinity College London, ko ka aika digirinka na jami'a zuwa Ecctis, masu tantance takardun karatun waje, su tabbatar ya kai matsayin digirin Birtaniya kuma da Turanci aka koyar da shi. Ma'aikatan jinya su lura: jarrabawar Turanci ta OET da aka yi don rajista da hukumar ma'aikatan jinya ta NMC ba ta cikin jerin SELT. Sakamakon SELT shekara biyu yake yi, amma wanda aka karɓa wajen ba ka ILR yana nan da amfaninsa ko ya tsufa.

5. Maganar hali

Fom ɗin neman zama ɗan ƙasa zai tambaye ka laifuffuka, gargaɗin 'yan sanda, hukuncin kotu kan bashi, laifin tuƙi da haraji. Ka faɗi komai, har makin da aka sa maka a lasin saboda gudu. Ƙaramar tara da aka biya a kan lokaci ba ta cika hana mutum ba. Ɓoye ta shi ne ke hanawa, domin ya zama yaudara, kuma wanda aka kama da yaudara yakan jira shekara goma. Tun ƙarshen Yulin 2023, wanda aka taɓa yanke wa ɗaurin wata 12 ko fiye yawanci ba a ba shi. Daga 10 ga Fabrairun 2025 kuma, wanda ya shigo ƙasar ta ɓarauniyar hanya yawanci ana ƙin sa komai daɗewar abin.

Idan akwai irin wannan a tarihinka, ko ka taɓa zarce wa'adin biza, kada ka dogara da shawarar abokai, har da tawa. Ka je wurin lauya, ko mai ba da shawara da ke da rajista da IAA, hukumar da ke kula da masu ba da shawarar shige da fice, wadda a da ake kira OISC. Ana yawan samun masu karɓar kuɗi a rukunonin Facebook suna cike wa mutane fom ba tare da rajista ba. Laifi ne a dokar ƙasar, kuma in suka yi kuskure kai ne za ka ɗauki asarar.

6. Masu tsaya maka

Mutum biyu, kowannensu ya san ka shekara uku ko fiye. Ɗaya ƙwararren ma'aikaci, ɗan kowace ƙasa: likita, ma'aikacin jinya mai rajista, malamin makaranta, akanta, limami ko fada. Na biyun dole ya riƙe fasfon Birtaniya, kuma ya zama ƙwararren ma'aikaci ko ya haura shekara 25. Ba a yarda da danginka ba, ba a yarda su biyun su zama dangin juna ba, lauyan da ke wakiltarka ma bai shiga ba. Mata da miji daga cocinku ko masallacinku, komai kirkinsu, ɗaya kawai za ka ɗauka. Kowannensu zai sa hannu a takardar da aka manna hotonka. Ka karɓi cikakken sunansu, ranar haihuwa, adireshi da lambar fasfo kafin ka zauna gaban kwamfuta.

7. Cike fom, biya, da zanen yatsu

Fom ɗin AN ake cikewa a gov.uk. Yana ajiye abin da ka rubuta, don haka ba dole ka gama a zama ɗaya ba. Zai nemi adireshin duk gidajen da ka zauna, tafiye-tafiyenka, aikinka, lambar inshorar ƙasa, da bayanan iyayenka. Kafin ka danna maɓallin biya, ka sake duba mataki na 3, domin ranar biya ita ce ranar da takardarka ta shiga. In aka ƙi ka, fam 130 na biki kaɗai ake mayarwa.

Daga nan za a tura ka shafin UKVCAS, masu cibiyoyin karɓar takardun biza da zama ɗan ƙasa, ka zaɓi ranar ɗaukar hoto da zanen yatsu. Ka ɗora takardunka a shafin da kanka kafin ranar, kowane shafin fasfo mai hatimi ya fito sarai. Wanda ba shi da na'urar ɗauka a gida, laburaren unguwa yakan samu, ko ya biya su ɗauka masa a cibiyar. Amsa yawanci tana zuwa cikin wata shida. A wannan tsakanin kana iya tafiya da fasfon Filifin da eVisa ɗinka, tunda har yanzu kai ɗan Filifin ne cikakke. Ka dai riƙa duba imel, har da akwatin tarkace, domin in suka nemi ƙarin takarda wa'adi suke bayarwa.

8. Bikin rantsuwa, da zaɓen ranarsa

Idan takardar gayyata ta zo, kana da wata uku ka shirya biki da ƙaramar hukumarku. Na taro yana cikin kuɗin da ka biya, na keɓe kuwa sai ka ƙara. Za ka zaɓi rantsuwa da sunan Allah ko alƙawari ba tare da ambaton addini ba, ka yi mubaya'a ga Sarki Charles na Uku, ka yi alƙawarin biyayya ga dokokin ƙasa, a miƙa maka takardar shaida. Kafin ka bar zauren ka karanta sunanka da ranar haihuwarka a jikinta. Kada ka kai a manne ta da leda, ofishin fasfo ba ya karɓar wadda aka yi wa haka.

Zaɓen ranar nan shi ne inda nake so ka fi nutsuwa. Daga lokacin da takardar shaidar ta shiga hannunka, ILR ɗinka ya gama aiki, fasfon Filifin ɗinka kuma bai halatta ka yi tafiya da shi ba ko da saura shekara takwas a jikinsa, takardar shaidar ita ma ba a hawa jirgi da ita. Ka zama mutum mai ƙasa amma marar abin tafiya, har sai fasfon Birtaniya ya iso. Idan akwai bikin aure a Iloilo ko mahaifiya tana kwance a Davao, ka je ka dawo kafin ranar rantsuwa. Na ga wadda ta yi rantsuwa a farkon Disamba da tikitin Manila a jakarta, ta yi Kirsimeti a ɗakinta tana kallon danginta ta waya.

9. Fasfon Birtaniya

Ka nema a makon da ka yi rantsuwa. A 2025 kuɗin na baligi ta intanet fam 94.50 ne. Fasfon farko na baligi ba ya shiga tsarin gaggawa na kwana ɗaya ko mako ɗaya, kuma ana iya kiranka hira. Za su karɓi asalin takardar shaidarka da fasfon Filifin, su dawo da su daban. Suna son sunan da za su buga ya dace da na fasfon da kake riƙe da shi, a nan za ka ga amfanin wahalar mataki na 2. Ka kuma yi rajistar zaɓe. Ɗan Najeriya ko Gana mai izinin zama yana jefa ƙuri'a a zaɓen majalisar dokoki tun kafin ya zama ɗan ƙasa, albarkacin ƙungiyar Commonwealth. Filifin ba ta cikin ƙungiyar, don haka a wurinka wannan sabon haƙƙi ne.

10. Rantsuwa ta biyu

Da zarar takardunka sun dawo daga ofishin fasfo, ka nemi rana a ofishin jakadancin Filifin da ke Suffolk Street a Landan, kusa da dandalin Trafalgar. Wanda yake nesa ya riƙa bibiyar sanarwarsu, domin sukan kai aikin wasu biranen lokaci-lokaci. Wanda zai je gida kuma yana iya yi a hukumar shige da fice ta Filifin, wadda babban ofishinta yake Intramuros a Manila. Doka ba ta sa wa'adi ba, ko bayan shekara ashirin ana karɓa, amma ban ga dalilin jinkiri ba, kuɗinsa ma bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da na Birtaniya.

Sharaɗin shi ne ka zama ɗan Filifin tun daga haihuwa, wato uba ko uwa ɗan ƙasar ne ranar da aka haife ka. Wanda aka haifa kafin 17 ga Janairun 1973, uwarsa 'yar Filifin ubansa baƙo, sai ya nuna shaidar cewa ya zaɓi zama ɗan Filifin da ya balaga. Wanda zama ɗan Filifin ɗin ma nema ya yi aka ba shi, RA 9225 ba ta shafe shi ba.

Ka je da fom ɗinsu a cike, takardar haihuwa ta PSA, takardar aure, tsohon fasfon Filifin, takardar shaidar zama ɗan Birtaniya, fasfon Birtaniya, da hotuna gwargwadon girman da suka faɗa a shafinsu, kowace takarda asali da kwafi. Ba a aike, da kanka za ka tsaya ka ɗaga hannu. Rantsuwar ta ƙunshi kare tsarin mulkin Filifin da bin dokokinta, babu inda ta ce ka bar Birtaniya. Za a ba ka takarda uku: ta rantsuwa, ta amincewa, da takardar shaida da ake kira Identification Certificate. Tsohon fasfon ba ya farfaɗowa, sabo za ka nema, mai shekara goma ga baligi. A Filifin ake buga shi, don haka ka sa ran makonni.

Me wannan rantsuwa take dawo maka da shi? Babba shi ne mallakar fili. Tsarin mulkin 1987 ya hana baƙo mallakar fili in ba ta gado ba. Tsohon ɗan ƙasa an yi masa sassauci, amma da iyaka: murabba'in mita 1,000 a birni ko hekta ɗaya a karkara don gidan zama, murabba'in mita 5,000 ko hekta uku don kasuwanci. Wanda ya yi rantsuwa babu wannan iyaka a kansa. Ga wanda ya shekara goma yana aikin dare yana tura kuɗi ana sayen gonar shinkafa da sunansa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sai zama a ƙasar ba wa'adi, da jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa da sanatoci daga waje. Haraji kuwa, ɗan ƙasa mazaunin waje abin da ya samu a cikin Filifin kaɗai ake cajinsa, albashinsa na NHS, hukumar lafiya ta Birtaniya, bai shiga ba. Mai son komawa aikin jinya a can sai ya koma PRC, hukumar ba da lasin ƙwararru, kan lasinsa, mai son tsayawa takara kuma dole ya yi rantsuwar barin Birtaniya.

Wanda bai shirya yin rantsuwar ba tukuna yana iya ziyartar gida da fasfon Birtaniya a ƙarƙashin tsarin balikbayan, wanda ke ba tsohon ɗan ƙasa shekara guda ba biza, har da mata ko miji da 'ya'ya idan tare suka shiga. Ya riƙe tsohon fasfonsa ko takardar PSA ya nuna a filin jirgi, in ba haka ba kwana 30 na 'yan yawon buɗe ido za a buga masa.

11. Yara

A ɓangaren Birtaniya, yaron da aka haifa a ƙasar bayan uwa ko uba ya samu ILR ɗan ƙasa ne kai tsaye, fasfo kawai za a nema masa. Wanda aka haifa kafin ILR, ko aka haifa a Filifin aka kawo shi, rajista ake yi masa da fom ɗin MN1, kuma tun Yunin 2022 iyalin da ba su da hali suna iya neman a yafe musu kuɗin. Ka yi kafin ya cika 18, in ya wuce yawanci sai ya bi hanyar manya da kuɗin manya.

A ɓangaren Filifin, tambaya ɗaya ce: ranar da aka haifi yaron, akwai ɗan Filifin a cikin iyayensa? In akwai, shi ma ɗan ƙasa ne, rahoton haihuwa kawai za a shigar a ofishin jakadanci. In kuwa an haife shi a tsakanin rantsuwar nan biyu, ɗayan iyayen kuma ba ɗan Filifin ba ne, to sai an sa sunansa a cikin takardar neman RA 9225. Dokar ta karɓi 'ya'yan da ba su kai 18 ba kuma ba su yi aure ba, har da na riƙo da kotu ta tabbatar. Mai juna biyu ta yi ƙoƙari rantsuwa ta biyu ta riga haihuwa.

12. Tafiya da fasfo biyu

Ka sayi tikiti da sunan da ya dace da fasfunan biyu. A Manila, shiga da fita, ka miƙa wa jami'in shige da fice fasfon Filifin, na Birtaniya yana hannunka in ya tambaya. Idan sabon fasfon bai iso ba, fasfon Birtaniya haɗe da asalin Identification Certificate yana wadatarwa a ɗauke ka ɗan ƙasa. Wajen dawowa, ma'aikatan jirgi fasfon Birtaniya za su so gani, da shi kuma za ka shiga Heathrow ko Manchester. Ka sani cewa muddin kana cikin Filifin, ofishin jakadancin Birtaniya ba zai iya shiga tsakaninka da hukumomin can ba, domin a wurinsu kai nasu ne. Idan wata shari'ar fili ko ta iyali tana jiranka a gida, ka yi magana da lauya a can kafin ka hau jirgi.